Rijiyar Ɗan Maraya: Inda Mai Kuntigin Jos Ya Ɗebo Waƙoƙinsa

1. Tambayar da a ke son amsawa

Tun zamanin dā Hausawa suna da amsa iri uku ga wanda ya tambayi inda makaɗi ya ke samun waƙa. Waɗansu su kan ce gado ne, ya sha a nono, ya tashi ya tarad da ganga rataye a zauren ubansa. Waɗansu kuwa, in hikimar mutum ta wuce yadda su ke tsammani, sai su ce ai ba shi kaɗai ba ne, yana da mutanen ɓoye masu raɗa masa da dare. Malamai su kan gyara maganar, su ce baiwa ce daga Allah. Amsoshin nan duka suna da aibi guda, watau suna rufe ƙofar bincike tun ba a buɗe ta ba. Baiwa dai daga Allah ta ke, ba mai musun wannan. Amma baiwa kamar guga ce, sauran a san rijiyar da aka zura gugan, a kuma san irin ruwan da ya fito da shi.

Wannan takarda ta ɗauki makaɗi guda, marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1946, ya rasu a Jos ran 20 ga watan Yuni, 2015. Wanda ya jera waƙoƙinsa zai ga kamar ba abin da ya haɗa su. Ga ta yaron mota, ga na aure da saki, ga na sojan da ke bakin dāga, ga ta mai akwai da mai babu. Sai a zaci mutum ne mai tsintar abin waƙa duk inda ƙafa ta kai shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk waɗannan daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, rijiyar kuwa ita ce maraici. Abin da a ke nufi da maraici a nan ya fi rashin uwa da uba fāɗi: shi ne halin mutumin da ba shi da mai magana dominsa a wurin da a ke yanke al'amarinsa. Inda Ɗan Maraya ya riƙe wannan, waƙarsa ta yi ƙarfi. Inda ya sake shi kuwa, ta yi rauni, za a kuma nuna wuraren.

2. Bukuru

Bukuru ba tsohon birnin Hausa ba ne mai ganuwa da unguwannin gado. Gari ne wanda haƙar kuza ta haifa a ƙasar Birom, 'yan mil kaɗan kudu da Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kafa aikin kuza bisa tsaunukan nan. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso cikin 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan cikin 1927. Sai mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, da kuma daga kudu, kowa ya baro danginsa ya zo neman kuɗin haraji da na aure. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnati ta tilasta wa dubban talakawa zuwa aikin, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna, da yawansu kuwa sanyi da cuta suka kashe su nesa da gida. Shekara biyu bayan wannan aka haifi Adamu.

Ubansa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Uban ya rasu yaron yana jariri, uwar ta bi shi ba da daɗewa ba, Sarki ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. Ya kamata a lura da kalmar ɗan da ke cikin laƙabin. Ba ita ce ɗan ta haihuwa ba, kamar a ce ɗan Sarki. Ita ce ta ƙanƙantawa, irin wadda ke cikin ɗan yaro ko ɗan tsuntsu. Watau suna ne na tausayi wanda manya su kan kira yaro da shi. Makaɗa da yawa su kan nemi laƙabi mai ban tsoro in sun shahara, shi kuwa ya tsufa da sunan da aka kira shi yana rarrafe.

Abu biyu suka fito daga wannan tarihi. Na fari, jinin kiɗa yana jikinsa, amma igiyar gado ta tsinke, gama ba uban da zai ɗora masa ganga a kafaɗa, ya koya masa taken sarakuna, ya bar masa ubangida. Na biyu, garin da ya tashi a ciki, irin wanda Hausawa ke kira bariki, cike ya ke da manyan marayu. Lebura a bakin ramin kuza, ko da iyayensa suna da rai a ƙauyen Daura, ba shi da wan da zai tsaya masa gaban helima, ba shi da kawun da zai nema masa aure. Yaron da ya rasa iyaye a irin wannan wuri ba ya bukatar a fassara masa halin maƙwabtansa. Masu sauraronsa kuma Musulmi ne galibi, waɗanda suka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi maraya, suka kuma haddace surorin Duha da Ma'un tun suna makarantar allo. Sabo da haka sunan kansa ya riga ya buɗe masa kunnuwa tun bai taɓa tsirkiya ba.

3. Kuntigi da karen mota

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya komo gida ya haɗa nasa. Kuntigi ƙaramin abu ne ƙwarai. A kan sami gwangwanin kifi, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda. Abin kiɗa ne wanda yaro marar ko anini zai iya haɗawa da abin da aka yar a bayan kanti.

Don a gane muhimmancin wannan zaɓi, sai a tuna yadda kiɗa ya ke a ƙasar Hausa. Kusan ko wane rukunin mutane yana da abin kiɗansa da makaɗansa. Sarakuna suna da tambari da kotso da taushi, mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna cikin maƙalarsa ta 1957 bisa roƙo cewa aikin maroƙi shi ne shelar matsayin mutum a bainar jama'a, watau asalinsa da sarautarsa da wadatarsa da kyautarsa. Yabo ke nan ya zama kamar kuɗi, yana da inda a ke kashe shi, yana da wanda ya cancanci a ba shi. Narambaɗa ya kai nasa fadar Isa, Salihu Jankiɗi ya kai nasa fadar Sarkin Musulmi.

To, kuskure ne a ce Ɗan Maraya ne ya fara yi wa talaka waƙa, ko da ya ke a kan ji masu yabonsa suna faɗin haka. Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, makaɗan noma sun daɗe suna zuga maza a bakin kuyya. Amma duk waɗannan sana'o'i ne masu asali da sarki da kirari. Abin da zamanin Turawa ya kawo shi ne sababbin ayyuka waɗanda ba wanda ya gada, ba su da take, ba su da makaɗi, kamar lebura da masinja da yaron mota. Kuntigi kuwa ba shi da fada, ba shi da sana'ar gado da aka ɗaure shi da ita. Abin kiɗa marar ubangida ya gamu da mutane marasa makaɗi, wannan gamuwa ita ce sabon abin.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce Waƙar Karen Mota. Sunan aikin kansa zagi ne, gama Bahaushe ba ya kiran mutum kare sai ya yi nufin cin mutuncinsa. Kalmar tana cewa ga wani mai bin mota yadda kare ke bin ubangijinsa, ya ci saura, ya kwana yana gadi. Wanda ya san tasha ya san aikin. Shi ne mai lodi da sauke kaya, shi ne mai dira a kan tudu ya sa wa taya weji don kada mota ta koma da baya, shi ne mai shiga ƙarƙashi in an yi faci, shi ne mai turi in ta ƙi tashi. Ya wuni cikin baƙin mai da ƙura, direba ya sami suna, mai mota ya sami riba, fasinja ya isa gida bai ko tambayi sunansa ba.

Hikimar waƙar ita ce, ta ɗauki ƙa'idar waƙar fada ta juya ta. Makaɗin fada ya kan jero iyaye da kakanni don ya tabbatad da girman wanda ya ke yabo. Yaron mota ba shi da kakannin da za a jero, sai waƙar ta tsaya bisa aikinsa da wahalarsa, aikin ya zauna a gurbin asali. Har wa yau, makaɗan fada da irin su Mamman Shata suna tafe da 'yan amshi masu tabbatad da maganar ubangidansu. Ɗan Maraya shi kaɗai ya ke tsayawa. Sa'ad da ya ke waƙa tsirkiyar ta kan bi muryarsa, sa'ad da ya yi shiru sai ta koma bisa karin da aka san waƙar da shi, ta yi aikin amshi. Murya ɗaya da tsirkiya ɗaya suna maganar mutum ɗaya wanda ba shi da kowa. Da wuya a sami inda siffar waƙa ta dace da jigonta kamar nan.

4. So da aure

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni, ko wace da inda ta fi ƙarfi. So ya game kome, har abinci. Ƙauna ta fi shi nauyi da daɗewa. Bege shi ne ɗokin abin da ke nesa, shi ya sa a ke kiran waƙoƙin yabon Annabi da shi. Soyayya kuwa tana ɗauke da ɗafin nan na -ayya wanda ke cikin jayayya da ƙiyayya da auratayya, mai nuna abin da ke gudana tsakanin mutum biyu. Watau a ginin kalmar kanta, soyayya ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Waƙoƙin Ɗan Maraya da suka fi shahara bisa zaman mace da namiji ba na siffanta idon budurwa da haƙoranta ba ne. Abin da ya dame su shi ne wurin da ƙafa ɗaya ta karye.

A ɗauki Auren Dole. Waƙar tana sukar al'adar nan ta iyaye su zaɓa wa 'yarsu miji ba tare da yardarta ba. Ba ƙaramin abu ba ne makaɗi ya taɓa wannan, domin mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a ƙasar Hausa, ta ba uba ikon aurad da 'yarsa budurwa, mutane da yawa kuwa sun ɗauki ikon nan sun mai da shi hanyar biyan bashi da neman fada. A dubi yadda a ke ɗaurin aure. Maza ne zaune a zaure ko a ƙofar masallaci, ga waliyyi, ga wakili, ga shaidu, ga goro. Wadda a ke maganarta tana can cikin ɗaki, an lulluɓe ta. In waliyyinta mai tsoron Allah ne, bakinsa bakinta ne. In kuwa ba haka ba, to, yarinyar nan mai uwa da uba marainiya ce a ranar nan. Nan ne idon Ɗan Maraya ya gane ta, ya ga 'yar'uwar yaron mota ce.

Jigon ba nasa ba ne shi kaɗai. Littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, na shekarun 1930, ya ginu bisa saurayin da mai kuɗi ya raba da budurwarsa. Marubutan soyayya na Kano kuma sun cika kasuwa da shi daga shekarun 1980, misali Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Bambancin shi ne, littafi yana jiran wanda ya iya karatu, waƙa kuwa ta kan shiga har ɗakin da aka kulle yarinyar, ta kuma shiga kunnen uban da ya kulle ta.

Jawabin Aure, in an dube ta sama-sama, kamar tana warware abin da Auren Dole ta ƙulla. Ita tana lissafa wahalolin da saki ke jawowa, tana yi wa miji da mata gargaɗi su daidaita tsakaninsu. Mai gaggawa zai ce ga makaɗi mai baki biyu, yau ya ce a bar mace ta zaɓa, gobe ya ce ta zauna ta yi haƙuri. Amma waƙoƙin biyu ba su saɓa ba. Ɗaya tana cewa kada a ƙulla da ƙarfi, ɗaya tana cewa kada a kwance da garaje. Wanda ya san zaman gidan Hausa ya san waɗanda saki ya fi ci, watau matar da ta koma gidan iyaye da ƙullin kayanta, da yaron da ya zauna a hannun kishiyar uwa, da agolan da ke cin tuwo yana kallon fuskar mijin uwarsa. Saki masaƙar marayu ne masu iyaye da rai. Mutumin da ya tashi a hannun riƙo ba zai ɗauke shi abin wasa ba.

5. Akwai, babu, da jinƙai

Daga ɗakin aure zuwa maganar arziki da tsiya taki ɗaya ne. A waƙarsa ta mai akwai da mai babu, zaɓen kalmomin kansa abin lura ne. Hausa tana da attajiri da mawadaci a gefe guda, da matsiyaci da fakiri a ɗaya gefen. Waɗannan sunaye ne masu manne wa mutum kamar tsagar gado. Akwai da babu kuwa asalinsu ba sunaye ba ne, kalmomi ne na faɗin samuwar abu ko rashinsa a wani lokaci, kamar a ce akwai ruwa a randa, an jima a ce babu. In aka ce mai akwai, an siffanta mutum da abin da ke hannunsa yau, an kuma tuna masa randa ta kan ƙafe. In aka ce mai babu, an cire masa tambarin tsiya, an bar shi mutum wanda abu ya yanke wa. Nahawu ya yi rabin wa'azin tun makaɗi bai buɗe baki ba.

Haka kuma kalmar jinƙai. Haɗi ne na ji da ƙai, watau tausayi. Aikatau ɗin nan ji shi ne na jin sauti, da jin zafi, da jin magana ma'ana fahimtarta. A Hausa, wanda ya ji waƙa da wanda ya ji ƙan ɗan'uwansa aiki ɗaya suka yi da kalma ɗaya. Aikin jinƙai, yadda a ke fahimtarsa a ofisoshin agaji, shi ne rabon hatsi da magani da barguna, ba kuwa mai raina wannan sai wanda bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma kafin hannu ya miƙa, sai kunne ya ji. Mutum ba ya taimakon wanda bai gani ba, yaron mota da bazawara da lebura kuwa mutane ne waɗanda a ke wucewa ba a gani. Sadakar Ɗan Maraya ita ce mutunci. A al'adar roƙo, kyauta daga wanda aka yaba ta ke gangarowa zuwa ga makaɗi. Shi ya ɗauki yabo, wanda shi ne jarinsa, ya kashe shi bisa waɗanda ba su da riga ko doki da za su mayar masa.

Kada a ɗauka kirkinsa kaɗai ya sa haka ta yiwu. Makaɗin dā bai isa ya yi wannan ba, don in ya bar fada ya bar tuwonsa. Abin da ya kwance wa makaɗan zamanin Ɗan Maraya dabaibayi shi ne faifai da rediyo. Gidan Rediyon Kaduna ya buɗe cikin 1962, ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka bazu cikin shekarun nan har teburin mai shayi. Jama'a suka zama ubangida, jama'a kuwa yawancinsu masu babu ne. Harshensa ma ya dace da wannan sabon ubangida. Sakkwatancin Narambaɗa, mai zurfi da tsofaffin kalmomi, har Bakano ya kan nemi a warware masa waɗansu wurare. Hausar Ɗan Maraya ta kasuwar Jos ce, wadda Birom da Angas da Bayarabe da Ibo su ke ciniki da ita, ga kalmomin bariki irin su direba da soja da lebura zaune a cikinta ba kunya. Ya kan kuma sa mutanen waƙarsa su yi magana da bakinsu, har mai sauraro ya ji kamar yana leƙen gidan maƙwabta. A nan ya bambanta da mawallafan wa'azi irin su Aliyu Namangi mai Imfiraji. Su sun fi tsoratarwa da kabari da hisabi, shi ya fi nuna sakamakon da a ke girba tun a tsakar gida.

6. Inda guga ya gaza

Nazari ba roƙo ba ne, sabo da haka wajibi ne a faɗi inda aikin ya yi rauni. Wurare uku ne.

Na fari, Gulma-Wuya. Waƙa ce mai daɗi, mai ban dariya, tana ba da labarin magulmaciyar unguwa wadda ke haɗa baki da boka don kashe auren mutane. Wajen gwanintar zana hali, tana cikin mafi kyawun abin da ya yi. Amma ta aza nauyin mutuwar aure bisa mai shiga tsakani, alhali bango ba ya shigar ƙadangare sai ya tsage. Sa'an nan ita magulmaciyar, wace ce? Sau da yawa irin matan nan su ne waɗanda aure ya tofar, ba miji, ba ɗa mai ci da su, sai kai-kawo tsakanin gidaje ya zama musu sana'a. Idon da ya ga mutum a cikin karen mota, a nan abin dariya kaɗai ya gani.

Na biyu, waƙoƙin yaƙi. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi da yawa, yana zana abin da ke faruwa a bakin dāga. Ana iya gane abin da ya ja shi. Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta haura 200,000, yawancin sababbin kuwa 'ya'yan talakawa ne, irin samarin tasha da na ramin kuza, waɗanda aka sa wa kaki aka tura dazuzzukan da ba su taɓa gani ba. Ƙaramin soja karen motar Gwamnati ne. Amma waƙar zuga, bisa ɗabi'arta, ido ɗaya gare ta, sai da abokin gāba ta ke tsayuwa. Jos da Bukuru suna cikin garuruwan da aka kashe 'yan ƙabilar Ibo cikin 1966. A ɗaya gefen dāga kuma yunwa ta kashe yara ba iyaka, har waɗansu likitocin Faransa da suka yi aiki can tare da Red Cross suka komo suka shiga kafa ƙungiyar Médecins Sans Frontières cikin 1971. Yaƙin nan ya haifi marayu fiye da duk abin da ƙasar ta taɓa gani, a gefe biyu, waƙar zuga kuwa ba ta da gurbin da za ta sa marayan abokin gāba. Ba a ce makaɗin ya yi abin da sauran makaɗan lokacin ba su yi ba. Abin da a ke cewa shi ne, a nan nau'in waƙar ya fi ƙarfin rijiyar.

Na uku shi ne maganin da ya ke bayarwa. Kusan kullum maganarsa ta kan ƙare bisa haƙuri, da girmama juna, da tuna cewa duniya juyi-juyi ce. Tun 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, mawaƙanta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka ce wahalar talaka tana da masu ɗora ta, tana kuma da hanyar sauke ta. Wanda ya sha daga wannan kogi zai ce Ɗan Maraya ya share wa yaron mota hawaye, amma bai tambayi dalilin da ya sa ladansa bai kai ya ci abinci ba. Sukar tana da gaskiya, ba a kuma iya kau da ita duka. Abin da za a ce kawai shi ne, mawaƙin jam'iyya ya kan ga talakawa, taro guda mai suna ɗaya, shi kuwa ya kan ga talaka, mutum guda da ƙurarsa da gajiyarsa. Ko wane ɗayansu yana da abin da ɗayan ya rasa.

7. Hukunci

In aka auna duka, abin da ya rage a faifai ya fi abin da iska ta kwashe nesa ba kusa ba. Ɗan Maraya bai je nesa neman abin waƙa ba. Tasha da zaure da tsakar gida da bakin kasuwa, wuraren da kowa ke wucewa kullum, su ne gonarsa. Dubban mutane sun bi ta wuraren nan ba su ga kome ba, domin abin gani ba ya isa sai da idon gani, nasa idon kuwa rashin iyaye ne ya wasa shi. Shi ya sa so da jinƙai ba su rabu ba a wurinsa. Tambayar da ya yi wa uban amarya ita ce ya yi wa direba, ita ce kuma ya yi wa mai akwai: wannan da ke ƙarƙashin hannunka, wa ke magana dominsa?

Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta, Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma, ya kuma kai kuntiginsa ƙasashen waje. Duk wannan ya cancanta. Amma ga ɗalibin adabin Hausa, darasin da ya fi amfani shi ne na hanyar aiki. Wanda zai nazarci makaɗi, kada ya tsaya ga cewa baiwa ce ya rufe littafi. Ya tambayi garin da mutumin ya tashi, da abin kiɗan da ya ɗauka da dalilin ɗaukarsa, da wanda ke ci da shi, da kalmomin da ya zaɓa ya bar 'yan'uwansu. Sa'an nan ya tambayi wanda makaɗin ya gani, da wanda ya wuce bai gani ba. Har yanzu akwai yaran mota a ko wace tasha, akwai 'yan matan da a ke yanke al'amarinsu suna bayan labule, rigingimun ƙasar nan kuma, har da na Jos kanta cikin 2001 da 2008 da 2010, sun ƙara yawan marayu. Rijiyar ba ta ƙafe ba, mai gugan ne ya tafi. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.